Gadar marina ko kwana a kan anka: ina ne mutum ya fi samun mutane?

Dan_Zango_a_Teku
Assalamu alaikum 'yan uwana na Damagaram, manya da ƙanana. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba, yau ni ke da magana. Ni haihuwar Zango ne. Kanikanci na koya a garejin kawuna, neman abinci ya kai ni Kwatano, daga can Dakar, inda Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bafaranshe mai jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, mai filafilai. Tsawonsa mita 13. Shekara ta uku ke nan ina masa aiki: gyaran inji, girki, jan igiya, tsaron dare. Yanzu haka muna Mindelo, a tsibirin Sawo Bisente na ƙasar Kap-Ber.

Maigidan zai koma Faransa a yi masa aikin gwiwa, wata uku zai yi, jirgin yana hannuna. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko in zauna cikin marina, a ɗaure jirgin jikin gada, shi ya biya kuɗin wuri. Ko in fita tsakiyar ruwan gaɓar in saki anka, abin da aka rage na kuɗin wurin mu raba biyu. Rabin nan ba kaɗan ba ne, zai rufa wa tsohuwata ɗaki kafin damina.

Amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Zaman mutane ne. A gada akwai jama'a, gaisuwa tun safe har dare, ga wuta ga ruwa, ka taka ka shiga gari. A kan anka kai kaɗai ne, sai ka hau ɗan kwale-kwalen roba kafin ka ga fuskar mutum. Duk da haka, cikin shekaru ukun nan, mutanen da na riƙe lambarsu har yau, kusan dukansu a kan anka na san su. Na rasa gane dalili. Kuma azumi zai same ni a nan. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Baduku_Majema
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗan yi mini bayani, don ni marinar da na sani ita ce ta rini, mai karofi da baba. Rinin kaya ake yi a bakin tekun, ko kuwa sunan ne ya zo ɗaya?

Dan_Zango_a_Teku
Yaya, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ita wannan tashar ƙananan jirage ce. Ana shimfiɗa gadoji na katako a kan ruwa, suna yawo bisa ruwan, muna ce musu ponto. Kowane jirgi da gurbinsa, kamar yadda motoci ke jeruwa a tasha, sai dai tsakaninka da maƙwabci bai fi kamu biyu ba, balan-balan na roba ne kawai ke hana ku gogar juna. In ya yi tari kana ji, in matarsa ta soya albasa kai ma ka shaƙa. Anka kuwa ƙarfe ne mai ƙugiya da ake saki da sarƙa ya kama ƙasan ruwa. Jirgin sai ya riƙa juyawa yadda iska ta so, kamar akuyar da aka ɗaure a turke da doguwar igiya.

Hajiya_TudunJamus
Ɗana, ni ban san teku ba, ruwan da na sani mafi girma shi ne tafkin Gidimuni. Amma na san mutum rahama ne. Wata uku kai kaɗai a tsakiyar ruwa, in zazzaɓi ya kwantar da kai cikin dare wa zai sani? Wa zai miƙo maka ko ruwan zafi? Ɗakin tsohuwarka Allah zai rufa shi ta wata hanya. Ita kanta in ka tambaye ta, na rantse ce maka za ta yi ka zauna cikin mutane. Ka shiga gadar nan, ka gai da na dama ka gai da na hagu, in ka dafa ka zuba musu. Ba a yin azumi a kaɗaice in akwai yadda za a yi.

Direban_Agadas
Hajiya, a gafarce ni, ni kam na fahimci abin da yaron nan yake faɗi, don shekara 19 na yi ina jan kamyo tsakanin Damagaram da Agadas, wani lokaci har Dirku. A tasha ga mutane nan kamar ƙasa. Mai shayi ya san ka, ɗan kamasho ya san ka, kowa "sannu direba, sannu direba". Amma wannan gaisuwar ta wucewa ce, kowa hankalinsa na kan lodinsa. Wanda na sani sani na gaskiya, a daji na san shi. Wata rana bayan Tanut, kafin Adarbisanat, ƙafar baya ta tsaya mini, rana ta faɗi, ba gari kusa. Wani direba da ban taɓa yi wa magana ba sai ɗaga hannu, ya tsaya, ya kashe motarsa, muka kwana biyu a wurin har yaronsa ya je ya dawo da ƙarfen. Garin rogo da sukari muka ci. Yau shekara goma sha, 'yarsa tana auren ƙanena.

Inda mutane suka yi kaɗan, kowa ya san in bai tsaya maka ba babu mai tsayawa. Inda suka yi yawa, kowa cewa yake wani zai yi. Ina jin amsar tambayarka ke nan, ƙanena.

Bakanike_Marsai
Sannunku. Ni aikina ke nan, shekara 11 ina gyaran injin jiragen nan a Marsai ta Faransa, don haka bari in ɗan gyara wa Direba zance. Gadar marina ba tasha ba ce zalla. Iri biyu ce. Akwai gadar baƙi, masu kwana ɗaya ko biyu su wuce, wannan kam tasha ce. Akwai kuma gadar mazauna, waɗanda jirgin ne gidansu rani da damina. Wannan unguwa ce sosai, har da mai unguwarta wanda ba wanda ya naɗa shi. Sun san wanda bai fito da safe ba. In iskar mistiral ta taso cikin dare, za ka ga tsoho da tocila yana bin igiyoyin mutanen da ba sa nan yana ƙara ɗaurewa, ba wanda ya sa shi. Kuma akwai ladabin wurin: in jirgi na shigowa, duk wanda ke kusa zai ajiye abin da yake yi ya karɓi igiya. Ba a taka jirgin mutum sai an ƙwanƙwasa jikinsa an nemi izini, kuma sai an tuɓe takalmi, kamar shiga zauren malam.

Sai dai akwai abin da Hajiya ba ta sani ba, shi kuma ɗan Zango ya sani bai faɗa ba. A gada, da an ga baƙin mutum, ma'aikaci aka gani. A wata marina ta Bahar Rum, ba zan kama suna ba, maigadi ya tsare ni a ƙofa kusan awa guda, ga katin shiga a hannuna, ga akwatin spanoni, sai da mai jirgin ya tako da kansa. Da yamma kuma in sun fito da tebur kan gada, yawanci kwalba ce ke haɗa su. Za su kira ka da zuciya ɗaya, ka zauna da lemonka, amma hirar ta masu jirgi ce: kuɗin inshora, farashin filafilai, inda za a je baɗi. Kai kuma albashi kake jira. Kana cikinsu, ba ka cikinsu. A kan anka ba mai tambayar na wa ne jirgin. Abin da ake dubawa shi ne ko ka iya sakin anka yadda ba za ka faɗo wa mutane cikin dare ba.

Yar_Mirya
Ni tambayata ruwan sha. In kana tsakiyar ruwan gishiri wata uku, me za ka sha, da me za ka yi wanka da wanki?

Dan_Zango_a_Teku
Ƙanwata, ɗan Damagaram ba a koya masa tattalin ruwa. Tankin jirgin lita 400 yake ci. Maigidan da baƙinsa in sun zo, kwana biyar sun gama da shi. Ni kaɗai sai ya kai ni wata, don na tashi a gidan da ake jiran pampo ya kawo ƙarfe ukun dare, in bai kawo ba a bi 'yan garuwa. Kwanoni da ruwan teku nake wankewa, in ɗauraye da kofi ɗaya na ruwan daɗi. In ya ƙare sai in loda bido huɗu a kwale-kwalen roban in je in saya. Su ma mutanen tsibirin nan ruwansu na pampo daga teku ake tace shi, ruwan sama ba ya isar su, saboda haka ba mai yi maka kallon marowaci in ka ƙi zubarwa.

Wani abin da zai ba ku mamaki: hazon hunturu na zuwa har nan. Jiya Dutsen Fuska da ke gaban gaɓar, wanda suke ce wa Monte Kara, ko alamarsa ba a gani. Na shafa hannu a kan farantin sola, sai ga jar ƙura, irin wadda ke kwanciya a kan tabarma a tsakar gidanmu. Na daɗe ina kallon tafin hannuna. Bature maƙwabcina yana ta mita ƙura ta ɓata masa gilashi, ni kuwa ji na yi kamar an aiko mini saƙo daga gida.

Yaya na Marsai, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Nan gadar baƙi ce kusan duka. Mindelo zango ne na masu tsallaka Atlantika. A watan Nuwamba wani reshe na ayarin jirage masu filafilai da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas, yakan yada zango a nan, gada ta cika maƙil, yara na gudu, ana ta loda ayaba da ƙwai. Kwana kaɗan sai su kama hanyar Karibiyan, mil na teku sama da 2000, kusan sati biyu zuwa uku ba ganin ƙasa. Ka saba da mutum ranar Litinin, ranar Alhamis kai ne mai kwance masa igiya.

Dan_Gigmi
Salamu alaikum. Mu mutanen tafki wannan zancen ba baƙo ba ne gare mu, ko da yake jiragenmu ba su da filafilai. Mahaifina masunci ne a tafkin Chadi. Ya ce a yarintarsa ruwa na zuwa har gindin Gigmi, kafin farin shekarun 1970 ya janye shi. Mu da muka taso sai an yi tafiya kafin a kai bakin ruwa. Akwai kwata, inda jirage ke jeruwa, 'yan banda na ciniki, ana awo, ana rigima, mai tuwo na kira. Akwai kuma kwana a ruwa: a kafa gora cikin laka a ɗaure jirgi, jirage uku ko huɗu nesa kaɗan da juna, kowa da 'yar wutarsa a kasko. Babana ya fi son na biyun. Yakan ce a kwata bakin mutum kake ji, a ruwa halinsa kake gani. Amma bari in faɗi ɗayan gefen, don kada a ce na ɓoye. Duk wanda ya daɗe a ruwa ba ya shigowa kwata, in ya dawo za ka ga ya canza. Magana ta yi masa nauyi, hayaniyar 'ya'yansa ma ta dame shi. Akwai wani abokin babana da ya kai har sallar Idi ba ya fitowa. Kaɗaici yana da daɗin da ke cin mutum a hankali bai sani ba. In za ka zauna kan ankar, ka sa wa kanka doka: kada rana biyu ta wuce ba ka taka ƙasa ba.

Malam_GarinMalam
Bismillah. Ɗana, na ji ka ce jirgin na juyawa yadda iska ta so. To yaya kake da alƙibla? Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar salla a jirgin ruwa tun da daɗewa: mutum ya fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya shi ma ya juya tare da ita matuƙar zai iya, kuma ya yi ta a tsaye in tsayuwar ba za ta kayar da shi ba. Alwala da ruwan teku babu laifi ko kaɗan, hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, don haka kada ka ƙarar da ruwan shanka. Kuma tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, kai ba matafiyi ba ne, salla cikakkiya za ka yi, azumi ma haka.

Abin da na fi so ka duba shi ne jam'i. Akwai Musulmi a garin? In akwai inda ake Juma'a, to wurin da zai sauƙaƙa maka zuwa shi ya fi. Jama'ar da kake nema wataƙila ba a gada take ba, ba a kan anka ba, tana cikin gari.

Dan_Zango_a_Teku
Allah ya gafarta Malam, na gode. Alƙibla daga nan gabas ce, a ɗan karkata arewa, ina duba ta a kamfas ɗin jirgin. A wannan gaɓar abin da sauƙi, don iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa kusan kullum a wannan lokacin, goshin jirgi na kallon inda take fitowa, da wuya ya juya da yawa. A Kazamans ta ƙasar Senegal ne na sha wuya, inda ruwan kogi ke juyawa da cikar teku da janyewarta: ka yi azahar kana kallon goshin jirgi, la'asar kana kallon bayansa. Musulmi akwai, yawancinsu 'yan Senegal da Gine masu tireda a kasuwar Estrela. Ina zuwa wurinsu ranar Juma'a. Daga gada tafiyar ƙafa ce kaɗan. Daga anka sai na tada injin kwale-kwale, in iska ta yi ƙarfi in isa a jiƙe sharkaf, kaftanina a cikin leda.

Tsohon_Malamin_Lakwal
Ina bin zancen nan tun safe, abin da ya ja hankalina shi ne sunan mai tambayar. Ɗana, unguwarku ita kanta amsa ce. Zango ba haka kawai aka sa mata suna ba. Nan ne ayarin Abzinawa da fataken Gadamas da Tarabulus ke sauke kaya, a wajen ganuwar Birni, musamman zamanin Sarki Tanimu da kasuwancin Damagaram ya bunƙasa. Masu wucewa ne, kamar Turawan gadarka. Amma dubi gidajen da suka tsaya a Zango har yau, masu zane a fuska da zankwaye a sama. Masu wucewa ba su gina su ba, masu saukar baƙi ne suka gina: fatoma da dillali, wanda ya san inda ake samun ruwa, wanda ya san mai gyaran sirdi, wanda ke fassara tsakanin baƙo da ɗan gari. Baƙo raɓa ne, gaskiya, amma wanda ya zauna inda raɓar ke sauka kullum shi ke da ɗanyen ganye.

Kai bakanike ne, kana jin Faransanci, ka san gari. Duk jirgin da zai shiga tafiyar sati uku yana da abin da ya lalace. In ka zauna a gada wata uku, ba baƙo za ka zama ba, fatoma za ka zama. Ka nemi izinin maigidanka, ka kuma tambayi ofishin wurin ko an yarda, kada ka shiga gonar masu sana'ar garin.

Dan_Birni
Baba malam, da girmanka, amma fatoman Zango a gidansa yake, ƙasar ubansa ce. Wannan bawan Allah a jirgin wani yake, a ƙasar wasu, da takardar baƙo. Ranar da aka ga ya fara karɓar kuɗin gyara, ranar za a tuna masa shi ba ɗan gari ba ne. Ni dai na ce ya karɓi rabin kuɗin nan ya rufa wa tsohuwa ɗaki. Gaisuwar Turawa ba ta hana ɗaki yoyo.

Matashi_Karkada
Yaya ɗan Zango don Allah ta yaya ake samun irin aikin nan? Ni ma na iya gyaran janareto. In na iso Dakar za ka iya haɗa ni da wani?

Uwar_Biyu
Kun gani ko? Abin da nake tsoro ke nan tun da aka fara. Ana ta zancen teku kamar wurin hutu, yara na karantawa. Ɗan yayata ya bi ta Agadas shekara shida ke nan, kiran ƙarshe da ya yi daga bakin ruwa ne a Libiya, ya ce gobe za su hau. Har yau uwarsa ba ta yarda a yi masa sadaka ba, kuma ba ta canza lambar wayarta ba. Tekun da wasu ke zaɓen inda za su kwana a cikinsa, shi ne ya ci namu. Ɗan Zango, ba da kai nake ba, Allah ya tsare ka, amma ka faɗa wa yaron nan gaskiya.

Dan_Zango_a_Teku
Inna, Allah ya bayyana shi, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Gaskiyarki. Ƙanena na Karkada, ka saurare ni: shekara biyu na yi a bakin ruwan Han a Dakar ina kwana a rumfar masunta, ina wanke gindin jirage da buroshi, kafin wani ya tambayi sunana. Cikin waɗanda muka yi zaman tare, ni kaɗai na samu jirgi. Ban iya haɗa ka da kowa ba, kuma ba zan ce ka taso ba. Jirgin da nake ciki yana da rigar ceto, da rediyo, da kwale-kwalen tsira, da takardu, kuma duk da haka akwai daren da na yi kalmar shahada. Wanda ake cusa mutum ɗari a cikinsa ba jirgi ba ne. Ka riƙe janaretonka.

Shugaban_Zaure
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya dawo da waɗanda suka ɓata. Jama'a a koma kan tambayar. Ɗan Zango, ka ce mutanen da ka riƙe a kan anka ka san su. Ba mu labarin ɗaya mu ji, wataƙila mu fi gane abin da kake nufi.

Dan_Zango_a_Teku
To shugaba. Bara ne, a nan gaɓar, muna kan anka, maigidan ya kwana a gari. Ruwan wurin zurfinsa mita 5, na saki sarƙa mita 30, na ja da baya da inji har na ji ta kama. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta sauko daga kan duwatsu, irin mai zuwa kamar an buɗe ƙofa. Ban ji ƙarar waya ba, barci ya ɗauke ni. Abin da ya tashe ni bugun jikin jirgi ne, bam bam bam, da muryar mace tana kiran sunan jirginmu. Na fito, sai ga wata tsohuwa 'yar Holan, ta kai shekara saba'in, a cikin kwale-kwalen roba, da rigar barci da fitila a goshi, ruwa na dukanta. Ba namu ne ya ja ba, wani jirgi ne da ba kowa a ciki ankarsa ta tsinke daga ƙasa, yana tahowa kanmu a gicciye. Ita ta gan shi don ta tashi duba tata sarƙar.

Kafin in gama ɗaura balan-balan a gefe, kwale-kwale uku sun iso: mijinta, da wani saurayi ɗan Burazil, da wani masunci ɗan garin da ke kwana a jirginsa. Ba wanda ya kira su sai rediyo, tasha ta 16. Ni da ɗan Burazil muka haye jirgin, muka sake masa sauran sarƙarsa duka, su kuma suka sa goshin kwale-kwalensu suna tura shi gefe. Ya wuce mu da kamar taku uku, can ƙasa ankarsa ta sake kamawa. Babu yaren da ya haɗa mu biyar ɗin nan, da hannu da ihu aka yi komai.

Da asuba na dafa shayi irin namu, na zuba a fulas, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta sha na fari ta yamutsa fuska, ta sha na biyu, a na uku ta ce in koya mata. Sati uku muka yi, kullum bayan la'asar sai ta zo da butarta. Da ta gane ina salla, in ta iso ta tarar na kabbara sai ta kashe inji daga nesa ta riƙe igiya ta jira. Yanzu suna tsibirin Martinik a Karibiyan, ranar Juma'ar da ta wuce ma ta turo mini hoton kumfar shayinta. A gada na yi wata biyar jimilla, an gaishe ni sau dubu, ban samu ko ɗaya irin wannan ba.

Bakanike_Marsai
Labarin ya taɓa ni, amma ka lura da abu ɗaya a cikinsa: jirgin da ya ja, ba kowa a ciki. Ranar Juma'a da kake kasuwar Estrela, naka ne jirgin da ba kowa a ciki. Daren tarawihi ma haka. Dukiyar mutum ce amana a hannunka, kuma ka tambaye shi ko inshorarsa ta yarda jirgin ya yi wata uku a kan anka, don wasu ba sa yarda. In ka zaɓi ankar, mita 30 ta yi kaɗan ga iskar wurin nan, ka ƙara, ka sa igiyar nailan mai ɗauke fizgar sarƙa, ka nutsa ka duba ta da idonka lokaci lokaci, fitilar saman sandar filafilai kuma kada ta mutu ko dare ɗaya. Gadar ma ba hutu ba ce, na ji masu zuwa can suna cewa ruwan na kai da komo yana cin igiya, sai ana dubawa kullum. Ni da ni ne, wata biyu a anka, watan azumi a gada.

Hajiya_TudunJamus
Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri, ya shirye ta. Amma ɗana, ka ce tana Martinik. Wanda zai zo ya tsaya kusa da kai bana, ka san shi? Wataƙila mai kirki ne, wataƙila mai kiɗa har asuba ne. Ni ban canza magana ba. Shawarar na Marsai ta ɗan kwanta mini, ko ba komai ka sha ruwa da 'yan uwanka Musulmi ba tare da ka tsallaka ruwa cikin duhu ba.

Direban_Agadas
Hajiya, a gadar ma bai san wanda za a ɗaure kusa da shi ba, kuma can in maƙwabci ya dame shi ba shi da ikon matsawa. A anka sai ya ɗage ƙarfensa ya ƙara gaba. Ni dai har yanzu ina nan kan bakana.

Tsohon_Malamin_Lakwal
Ɗan Birni, na karɓi gyaranka rabi. Amma shayin nan da ya bi mutane da shi da asuba, ai shi ne fatomancin da nake faɗi. Da ya tsaya a gada ya kafa butarsa kullum bayan la'asar kamar fadar unguwa, wa ya san wanda zai zauna?

Dan_Zango_a_Teku
Baba, na gwada sau biyu a gada, mutane na tsayawa su ɗauki hoto su wuce. Amma gaskiya ban daure na maimaita ba, wataƙila da na yi sati ana gani da wani ya zauna. Na gode muku duka. Maigidan jirginsa na sama ranar Talata ne, gobe da safe za mu zauna, zan kawo masa maganar inshora da ta raba watannin. Na kira tsohuwa ɗazu, da yake kun riga mu da awa biyu har ta yi shirin kwanciya. Ban gaya mata zancen ɗakin ba, na dai tambaye ta wanne ta fi so. Ta ce ita ba ta san anka ba, ta tambaye ni ko akwai mai tashina sahur.

Yar_Mirya
Yaya, in ka sa mana lokacin ku, sai mu riƙa kiranka. Ƙarfe nawa alfijir ke ketowa a can?